Gangunan Chandralekha: fim ɗin da ya kusa talauta mai shi



Tun ranar da muka taɓo zancen fina-finan Indiya a cikin shiri, saƙonni ba su yanke ba. Matasa da yawa sun ce su fa ba ruwansu da Dilip Kumar ko Dharmendra, waɗannan na su baba ne. Su nasu jaruman su ne Vijay da Suriya da Rajinikanth, waɗanda suke kallo a waya cikin fassarar Hausa. Wani ma cewa ya yi ai waɗannan ƴan kudun Indiya jiya-jiya suka koyi fim. To, ɗan uwa, ka gyara zama. Tun kakanninmu ba su ga sinima da idonsu ba mutanen nan suke wannan sana'a, kuma yau za mu kawo muku tarihin fim guda daga cikin nasu, mai suna Chandralekha, wanda ya fito a 1948.

Da farko mu gyara wani kuskure da mu kanmu muka daɗe muna yi. Abin da muke kira "indiyanci" ba harshe ɗaya ba ne. Su Vijay harshen Tamil suke yi, na kudu maso gabashin ƙasar, kuma babban birninsu shi ne Madras, wanda yanzu ake kira Chennai. Su Dilip Kumar kuwa Hindi suke yi, daga Bombay. Tsakanin harsunan nan biyu akwai nisa irin na Hausa da Zabarmanci, ko asalinsu bai haɗu ba. Ku riƙe wannan a zuciya, domin a kansa ne duk labarin ya rataya.

Fim na farko mai magana da Tamil shi ne Kalidas, ya fito ranar 31 ga Oktoba 1931. A Bombay aka ɗauke shi, cikin kwana 8, domin a lokacin Madras ba ta da ɗakin ɗaukar murya. An ruwaito cewa da fim ɗin ya iso tashar jirgin ƙasa ta Madras, jama'a sun raka shi har ƙofar sinima suna watsa furanni suna ƙona turare. Abin dariyar shi ne, jarumar, T. P. Rajalakshmi, Tamil take yi, jarumin yana ba ta amsa da Telugu, wani kuma a gefe yana Hindi. Babu wanda ya damu, saboda ba magana aka zo ji ba. Waƙa aka zo ji, kuma akwai ta kimanin 50 a ciki. Fim ɗin nan ya ɓace, ko kwafi ɗaya bai rage ba.

Haka aka tafi fiye da shekara goma. Jarumi a wancan zamani mawaƙi ne kafin komai, domin a farkon farawa babu wai wani ya yi waƙa a ɗaki, wani ya motsa baki a gaban kamara. Makaɗa suna laɓe inda kamara ba ta ganinsu, jarumi yana rerawa, ana ɗauka gaba ɗaya, in murya ta sarƙe a koma farko. Mu da muke aikin rediyo kai tsaye mun san wannan fargaba. Kuma ba kowace waƙa ba ce, kiɗan gargajiyarsu ne na kudu da ake kira Karnatik, wanda kowace waƙa take da hanyar da murya za ta bi, suna ce mata raga, kuma kunnen mai sauraro ya san in an kauce. Sarkin wannan fage shi ne M. K. Thyagaraja Bhagavathar. Fim ɗinsa Haridas, na 1944, ya yi mako 110 ana nuna shi a sinima guda a Madras ba a sauke ba. Ku lissafa, ya haura shekara biyu.

Amma irin wannan fim iyakarsa ƙasar Tamil. Mutumin Delhi ba ya jin baitin, kuma kunnensa bai saba da wannan raga ba. Nan ne mutuminmu ya shigo.

S. S. Vasan ba mawaƙi ba ne, ba jarumi ba ne, ɗan kasuwa ne. Maraya ne da uwa ta raina cikin talauci, ya fara da tallar kaya ta gidan waya, mutum ya aiko kuɗi a aika masa kaya. A 1928 ya sayi wata ƙaramar mujalla mai suna Ananda Vikatan wadda ke gab da mutuwa, ya mayar da ita ta gaba-gaba a ƙasar Tamil, har yau tana fitowa. Daga nan ya shiga rarraba fina-finai, sannan a farkon shekarun 1940 ya sayi wani ɗakin shirya fim da gobara ta taɓa, ya sa masa suna Gemini. Tambarinsa ƴan tagwaye ne biyu suna busa begila. A 1943 fim ɗin kamfanin mai suna Mangamma Sabatham ya kawo kuɗi sosai, sai Vasan ya ce yanzu yana son ya yi abin da ba a taɓa gani ba, kuma kada kowa ya yi masa zancen tsada.

Yadda aka soma abin ma kansa labari ne. Marubutan Gemini suka kawo masa labarin wata mace mai taurin kai, ya saurara, ya ce labarin ya yi muni, ba ya so. Abu ɗaya ya ɗauka a ciki, sunan matar: Chandralekha. Nan take ya sa aka buga talla cewa fim mai wannan suna yana nan tafe. Ga suna ya karaɗe gari, labari babu. Ɗan talla kenan, an sayar da fata tun kura tana daji. Aka yi watanni ana neman abin da za a rataya wa sunan, har ɗaya daga cikin marubutan, Veppathur Kittoo, ya ci karo da wani tsohon littafin Ingilishi na G. W. M. Reynolds mai suna Robert Macaire. A babinsa na farko ƴan fashi sun tare matafiya da dare, sun tarar da wata yarinya mai rawa a ɓoye, shugabansu ya tilasta mata ta yi masa rawa. Daga wannan ɗan guntun aka gina sauran.

Labarin dai na ƴaƴan sarki biyu ne. Babban, Veerasimhan, mutumin kirki. Ƙaramin, Sasankan, yana son sarauta ko ta halin ƙaƙa, kuma dukansu idonsu ya faɗa kan yarinyar ƙauye mai rawa, Chandralekha. Ƙanen ya ƙwace gadon sarauta, ya tsare iyayensa, ya sa aka jefa wansa cikin kogo aka toshe da ƙaton dutse. Yarinyar ce ta je ta samo giwayen masu wasan nan da ke yawo gari-gari da dabbobi da lilo a sama, abin da muka sani da sirk tun muna lakwal, giwaye suka janye dutsen. Suka ɓuya cikin ƴan wasan. A ƙarshe da ta faɗa hannun Sasankan, ta ce ta yarda ta aure shi, amma da sharaɗi guda: sai an yi rawar ganguna a gaban fada kafin ɗaurin aure. Gaskiya in muka faɗi ra'ayinmu, labarin bai fi tatsuniyar da kaka ke yi wa jikoki ba. Abin da ya burge mu a ciki shi ne namijin ne ake ceta, macen ce mai dabara tun daga farko har ƙarshe, a fim ɗin 1948.

T. R. Rajakumari aka ba matsayin Chandralekha, ita ce kuma ta fito tare da Bhagavathar a Haridas. M. K. Radha aka fara yi wa tayin mugun ƙane, ya ce shi ba ya fitowa a mugu, sai aka ba shi na wan. Wanda aka gwada a mugun bayansa aka ga ya cika sanyi, aka sauke shi bayan an riga an ɗauki wasu wurare. Daga ƙarshe aka ɗauko Ranjan, wanda shi kansa Vasan yake shakkar ko zai iya, sai ga shi shi ne ya fi kowa tsayawa a ran ƴan kallo. Akwai kuma wani saurayi ɗan wasan daɓe da ya yi ta zarya yana roƙon ko da matsayin dogari ne a ba shi. Vasan ya dube shi ya ce bai dace da fim ba, ya nemi wata sana'a. Wannan saurayin shi ne Sivaji Ganesan, wanda ya fito a Parasakthi a 1952 ya zama uban jaruman Tamil, har ya karɓi kyautar gwarzon jarumi a bikin fina-finan Afirka da Asiya a Alƙahira a 1960. A wannan shekarar kuma ya fito a fim ɗin da Vasan ɗin nan ya bayar da umarni. Allah mai iko.

An fara ɗauka a 1943, ba a gama ba sai 1948. Shekara biyar, cikinsu har da na yaƙin duniya na biyu, lokacin da shi kansa ɗanyen fim ɗin da ake sa wa kamara gwamnatin Ingila take rabawa da awo. Darakta na farko, T. G. Raghavachari, ya kai wajen rabin aiki suka saɓa da mai gida, ya ajiye ya tafi. Vasan, wanda bai taɓa bayar da umarnin fim ba a rayuwarsa, ya ce shi zai ƙarasa. Ana ɗauka ana rushewa, ana sauya labari a tsakiyar hanya.

Ga misali guda. A Nuwamba 1944 aka soki wani ɗan jarida mai suna Lakshmikanthan da wuƙa a Madras, mutumin da ya yi suna wajen tonon asirin ƴan fim, ya mutu washegari. Aka kama Bhagavathar da babban ɗan barkwancin Tamil, N. S. Krishnan, aka yanke musu hukunci. Haridas yana ta cika sinima, jaruminsa yana gidan kaso. Sai a 1947, bayan ɗaukaka ƙara har Landan, aka sake duba shari'ar aka wanke su. Da fitowar Krishnan, Vasan ya ɗauke shi shi da matarsa T. A. Mathuram, aka buɗa labarin aka ƙara musu wurare cikin ƴan sirk. Fim ɗin da ya kamata a ce an rufe, aka sake ƙara masa tsawo da kuɗi. Shi kuwa Bhagavathar bai sake komawa matsayinsa na da ba har ya rasu a 1959, kuma muna iya cewa zamanin jarumi mawaƙi tare da shi ya fara dusashewa.

Kuɗi fa suka ƙare. Abin da fim ɗin ya ci ya kai rupi miliyan 3, babu fim ɗin da ya taɓa cin haka a Indiya kafin shi. Vasan ya jinginar da duk abin da ya mallaka, ya sayar da kayan zinariyar gidansa, ya karɓi taimakon kuɗi daga editan jaridar The Hindu. Kuma ku tuna ba shi kaɗai ba ne a cikin jirgin. Gemini kamfani ne mai ma'aikata masu albashin wata, kafintoci da teloli da masu fenti da makaɗa da ƴan rawa. In fim ɗin nan ya faɗi, tukwane da yawa ne za su sauka daga murhu.

Yanzu mu zo kan kiɗa, wanda shi ne ya sa muka zaɓi wannan fim. Baitocin, Papanasam Sivan da Kothamangalam Subbu ne suka rubuta. Shi Sivan babban malamin Karnatik ne, shi ya yi wa Bhagavathar waƙoƙin da suka ɗaga shi, har yau ana rera waƙoƙinsa na ibada a ƙasar Tamil. Wato Vasan bai yar da tsohon gida ba. Amma wanda ya ba ragamar kiɗan yaro ne da bai kai shekara 30 ba, S. Rajeswara Rao, kuma shi ɗan Telugu ne, da M. D. Parthasarathy a gefensa. Albashinsa rupi 1,500 a wata. Wannan yaro kunnensa a buɗe yake, duk abin da ya ji a garmaho in ya yi masa daɗi sai ya jawo shi. A cikin fim ɗin akwai Karnatik, akwai kiɗan arewacin Indiya, akwai na Latin Amurka da na Fotugal, akwai irin kiɗan rawar Turawa na Strauss. Amshin da ƴan sirk suke yi ma daga wani fim ɗin Amurka na 1937 mai suna The Firefly aka aro karinsa. Mai son tsantsar gargajiya zai ce wannan ai kwaɗo ne, an zuba komai a ƙwarya ɗaya. Mu ma da muka saurari waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, ba mu ji wadda ta kamo na Haridas wajen zurfi ba, wannan gaskiya ce. Sai dai Rajeswara Rao ba gasar zurfi aka sa shi ba.

Ya faɗa a wata hira da aka yi da shi bayan shekaru da yawa cewa kiɗan ya ɗauke shi fiye da shekara guda, kuma mafi yawan lokacin a kan abu ɗaya ya tafi: rawar ganguna. Ƴan rawa 400, suna gwaji kullum har wata 6. Wannan wuri kaɗai ya ci rupi 500,000, kuɗin da a lokacin ya isa a yi cikakken fim ɗin Tamil tun daga farko har ƙarshe. A. K. Sekhar ya tsara filin, Jayashankar ya koyar da rawar, Kamal Ghosh ya ɗauka da kamara huɗu. A wannan ɗakin na Gemini ne kuma shahararren ɗan rawa Uday Shankar, wan Ravi Shankar, yake ɗaukar nasa fim ɗin Kalpana a shekarun, kuma masana tarihin fim suna danganta tunanin rawar gangunan da abin da aka gani a wurinsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne yadda aka haɗa kiɗan. Ba a rubuta shi a ɗaki aka kawo wa ƴan rawa ba. Suna taka rawa, makaɗa suna kallon ƙafafunsu suna gina kiɗan a kai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a dandali ya ga yadda mai kalangu ke bin ƙafar mai rawa ya san wannan hanya. Kayan kiɗan ma, in ji shi, ba su da yawa: piyano ɗaya, manyan gogen Turawa masu kaurin murya guda goma, sai ganguna na Afirka da na Masar da na Farisa, waɗanda suka samo daga wata ƙungiyar ƴan Afirka da yaƙi ya kawo. Kada ku yi mamakin gangar Afirka a Indiya a wancan lokaci. A shekarun nan ne dubban sojojin Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawan Najeriya masu yawa, suka bi ta Indiya zuwa fagen daga a Bama.

To ga yadda abin yake a allo. Fili ne a gaban fada, an jera ganguna manya-manya, kowace ta fi tsayin mutum, tambarin gidan sarki in aka ajiye kusa da su sai ya zama kamar ɗan kurkutu. A kan fatar kowace ganga ƴan mata ne ke rawa, ƙafarsu ita ce makaɗi. Kamara tana hawa sama tana nuna layukan, kiɗa yana ƙara sauri. Sasankan yana zaune yana murmushin ango. Babu baiti, babu mai cewa uffan. Can da kiɗa ya kai ƙarshe sai gangunan suka buɗe, sojojin Veerasimhan suka yi ta ɓullowa daga ciki da makamai. Daga nan aka shiga faɗan takobi tsakanin wa da ƙane, wanda ake lissafa shi cikin mafi tsawo a tarihin fim ɗin Indiya. Mun kalli wurin nan a waya, baƙi da fari, hoton duk ya tsufa, amma wallahi sai da tsikar jikinmu ta tashi. Kuma ba mu buƙaci tafinta ba.

An saki fim ɗin ranar 9 ga Afrilu 1948, a sinima 40 a lokaci guda a kudancin Indiya, wata takwas bayan ƙasar ta sami ƴancin kai. Jama'a sun yi cincirindo, an yaba. Amma da aka zauna lissafi, kuɗin ba su fito ba. Ƙasar Tamil duk yawan masu son fim ɗinta ba ta isa ta biya rupi miliyan 3 ba. Mutum yana bakin rami, ga bashi, ga gida a jingine. Sai Vasan ya ƙara zuba wasu kuɗin. Ya sake fim ɗin da Hindi, aka sake ɗaukar wasu wurare, aka kawo Pandit Indra da Agha Jani Kashmiri suka rubuta maganganun, aka sa sabbin baitoci. Wadda ta rera yawancin waƙoƙin jarumar da Hindi ita ce Uma Devi. Iyayenmu da suka yi zamanin sinima sun san fuskarta ko ba su san wannan suna ba, ita ce matar nan mai jiki da ta koma barkwanci daga baya da sunan Tun Tun.

Ya tafi Bombay ya yi abin da ya fi iyawa, wato talla. Shafi guda cur a jaridu, manyan hotuna a bango ko'ina, har masu fim na can suka tsaya kallon ikon Allah. Ranar 24 ga Disamba 1948 na Hindi ya fito, kuma shi ne ya fitar da shi kunya, ya biya bashi ya bar riba mai yawa. Mutanen arewa ba su san Rajakumari ba, ba su san Radha ba, kuma Hindin jaruman da karin harshen kudu yake fita. Giwaye da lilo da takobi da ganguna suka je gani. Daga baya an yi gajeren kwafi da Ingilishi, kuma a 1954 an nuna fim ɗin a Japan.

Bayan wannan hanya ta buɗe. Gemini ta fitar da Nishan a 1949 da Ranjan, wanda ya koma Bombay ya zama jarumin takobi. Kamfanin AVM na Madras ya biyo baya da Bahar a 1951, fim ɗin da ya kai Vyjayanthimala arewa. A 1955 Vasan da kansa ya haɗa Dilip Kumar da Dev Anand a Insaniyat. Wato wasu daga cikin fina-finan Hindi da su baba suke tinƙaho da su, a Madras aka dafa su, a garin kakannin su Vijay. Wanda ya aiko mana da saƙon "jiya-jiya", ga amsarka.

Vasan ya rasu a 1969. Ɗakin Gemini an daɗe da rushe shi, gidaje da otal ne a wurin yanzu. Gadar sama da aka gina a mahaɗar a 1973 sunanta na hukuma Anna, amma har gobe in ka hau tasi a Chennai ka ce a kai ka Gemini, direba ya san inda zai ajiye ka. Shi kuwa Chandralekha bai ɓace kamar Kalidas ba, yana nan a intanet, ya haura awa uku. Wanda kuɗin megarsa ba su da yawa, ya tsallaka can wajen ƙarshe ya nemi gangunan, ya sa abin ji a kunne, sannan ya dawo nan ƙasa ya faɗa mana ko ya ji muryar gangar gida a ciki.